Ƙaramar Hukuma: Doka, Haraji da Aikin Gari

Mulki a Najeriya hawa uku ne: tarayya, jiha, sai ƙaramar hukuma. Ta ukun ce aka fi rainawa, alhali ita aka ɗora wa yawancin abin da mutum ke cin karo da shi da zarar ya fito ƙofar gidansa. Lambatun da ya toshe, jujin da ya cinye rabin layi, rumfar kasuwa, tashar mota, kwata, har maƙabartar da za a kai shi ranar da ta Allah ta kasance, duk suna cikin hurumin ƙaramar hukuma. Akwai guda 774 a ƙasar, idan an haɗa da shida na Abuja. Kano ce kan gaba da 44, Katsina na bi mata da 34, Bayelsa kuwa takwas kacal gare ta.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole waɗanda ke tafiyar da ƙaramar hukuma su zama zaɓaɓɓu. Jadawali na huɗu na kundin kuma ya jera ayyukanta: gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshi da banɗakunan jama'a, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Har lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale an ambata. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci da harkar noma kuwa, hannu biyu ne, ita da jiha.

A ƙa'ida, ga yadda ake yanke shawara. Kowace mazaɓa tana tura kansila ɗaya, kansilolin nan su ne majalisa, ciyaman da muƙarrabansa kuma su ne masu zartarwa. A ce mutanen wata unguwa sun gaji da masu zuba shara a magudanar ruwa. Za su kai kuka ga kansilansu, shi kuma ya gabatar da ƙudiri. A karanta shi, a miƙa wa kwamiti, a dawo a yi muhawara kan tarar da za a ci wanda aka kama da kuma wanda zai yi kamun. In rinjaye ya amince, ciyaman ya sa hannu, ta zama doka a iyakar wannan ƙaramar hukuma kaɗai. Amma fa ba ta isa ta ci karo da dokar jiha ko ta tarayya ba. In ta yi, kotu na iya soke ta. Kasafin kuɗi ma haka yake bi: ciyaman ya kawo, kansiloli su tantance, su amince. Sai dai a jihohi da dama takardar ba ta aiki sai ta je ma'aikatar ƙananan hukumomi an duba ta, kuma daga nan ne labarin ke fara canzawa.

Kafin mu je can, bari mu leƙa wajen karɓar kuɗi. Ranar kasuwar ƙauye, tun hantsi za ka ga malamin karɓar kuɗin shiga da kundin rasit a hammata, yana bin layi-layi. Mai tumatir da ta baza a ƙasa ta biya, mai rumfa ya biya nasa, a kara kuma kowace dabba da aka sayar akwai abin da ake cirewa. Motar da ta yi lodi ba ta barin tasha sai ta ajiye nata. Wani zai karɓi rasit ya cusa a hula, wani kuwa zai ce wa malamin, "Ranka ya daɗe, karɓi rabi ka riƙe takardarka." To wannan rabin ba ya ganin asusu. Dokar soja ta 21 ta shekarar 1998 ta yi ƙoƙarin tsara lamarin, inda ta raba wa kowane hawa na gwamnati harajin da zai karɓa. Ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin shaguna da kasuwa da tasha da kwata, da harajin gine-gine, da jangali a kan makiyaya, har da kuɗin rufe titi don biki. Ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu ko albasa daga Arewa zuwa Legas zai gaya maka yadda wannan hani ya ƙare.

Wanda ya san tarihi zai yi mamakin yadda aka zo nan, domin akwai lokacin da hukumar gida ce mai kuɗi. A zamanin Turawa, En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ita ce ke riƙe da ƙasa. Mai unguwa ya ƙirga magidanta, dagaci ya tara haraji, hakimi ya kai birni. Wani Bature mai suna Richmond Palmer ne ya fara tsara baitulmali a Katsina, kuma wajen 1911 tsarin ya bazu a manyan masarautu: a raba harajin, kaso guda na gwamnatin Turawa, sauran ya shiga hannun ma'aji, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya rage a yi aiki. Da irin wannan kuɗi En'e ta Kano ta gina asibitin birni a ƙarshen shekarun 1920, wanda yau ake kira asibitin Murtala, ta kuma jawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tana da 'yan dokarta, da kotunanta, da gidan yarinta, da duba-gari mai shiga gida-gida yana leƙa randa da masai.

Kada a ɗauka zamanin daɗi ne zalla. Talakan da bai biya ba akan ɗaure shi, ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, wasu har gudun haraji suka yi suka bar garuruwansu. Bafulatani kan kora shanunsa daji idan ya ji masu ƙirgar jangali sun doso. Kuma mai biyan ba shi da bakin tambayar inda kuɗin ya tafi. Wannan zalunci na cikin abin da Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka yi ta yaƙa da shi. Saboda haka lokacin da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa sun yi murna, kuma suna da hujjar yin ta.

Amma kafin nan an riga an sauya ginshiƙin gidan. Gyaran 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, ya janye sarakuna daga gudanar da mulki, ya kuma ba sababbin hukumomin kaso daga asusun tarayya, wanda kuɗin man fetur ya cika. Sojoji suka yi ta ƙara yawansu, suka kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996. A tsarin rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Yau mafi yawansu, musamman na karkara, da wannan kaso suke rayuwa. Abin da suke tarawa a gida bai taka kara ya karya ba.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Hukumar da ke ci daga aljihun mutanenta dole ta ji tsoron fushinsu. Wadda kuɗinta ke saukowa daga sama kowane ƙarshen wata, sama za ta riƙa kallo. Su ma mutanen gari, tunda ba su ji zafin biya ba, sai suka ɗauki kuɗin kamar na gwamnati ne can, ba nasu ba. Shi ya sa in ciyaman ya haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, sai a tara maroƙa a yi masa godiya kamar daga gadon ubansa ya ciro.

Sannan ga asusun haɗin gwiwa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta wani asusu da jiha ke riƙe da shi. Daga nan ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa a gidan gwamnati ake ba da kwangilarsu. Abin da ya isa sakatariya wani lokaci albashi kawai yake biya. Kafin 2024 kuma, gwamnoni da yawa sun fi son naɗa kantomomi ko kwamitin riƙon ƙwarya maimakon yin zaɓe. In ma an yi zaɓen, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, sakamakon kuwa sananne ne tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A Kano, APC ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya a Janairun 2021. A Oktoban 2024 NNPP ta yi daidai irin wannan. Jam'iyya ta canza, lissafin bai canza ba.

A manyan birane akwai wata matsalar daban. Birnin Kano ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Ruwan sama bai san iyakar Dala da Fagge ba, cunkoson motoci ma haka. Don haka jiha ta kafa hukumominta, REMASAB ta shara, KAROTA ta zirga-zirga, KNUPDA ta tsara gine-gine, kuma gwamnatin jiha ce ta hana acaɓa a 2013, ba wata majalisar kansiloli ba. Akwai hankali a cikin wannan, gaskiya. Illarsa ita ce mai ƙorafi ya rasa ƙofar da zai buga.

Ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa nasa. Hukunci ne mai nauyi, amma kotu ba ta yashe lambatu. Kuɗin da ya kuɓuta daga hannun gwamna zai iya maƙalewa a hannun ciyaman, in babu mai tambaya.

Tambayar kuwa ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya wata-wata, kuma mai waya a hannu zai iya nemowa. Mai karatu, ka san sunan kansilan mazaɓarka? In ba ka sani ba, fara daga nan. Ku haɗu da ƙungiyar unguwa ku je sakatariya ku nemi ganin kasafin bana, ku duba ko kwalbatinku na ciki da nawa aka ware masa. Ranar kasuwa kuma, in ka biya, ka karɓi rasit ɗinka.