Baba Mutuniyar Karo: Tsohuwar Ƙasar Karaye da Duniya Ta Saurara

A ƙarshen shekarar 1949, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa ungozoma ta fara ba wata Baturiya labarin rayuwarta. Sunan tsohuwar Baba, Baturiyar kuma Mary Smith, matar M. G. Smith, wani mutumin Jamaika da ya zo binciken zamantakewar Hausawa. Shi namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa ce ke shiga cikin gida, kuma tana jin Hausa. Baba na faɗa tana rubutawa da hannu har cikin Janairun 1950. A 1954 kamfanin Faber da ke Landan ya buga labarin da Turanci da sunan Baba of Karo.

Karon nan tamu ce. Ƙauye ne kusa da Zarewa, a tsohuwar ƙasar Karaye, Zarewar da yau take cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. A nan Baba ta tashi, an haife ta wajen 1877, asalin gidansu Barebari ne, manoma kuma malamai. Suna da rinji, suna da bayi, ba ta kuwa ɓoye wannan ba. Ta faɗi yadda bayin ke noma gandu, da yadda 'ya'yansu ke tashi tare da 'ya'yan gida. Ta faɗi tsoron da ake kwana da shi a zamanin hari, lokacin da mahaya ke faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, dangi su shiga haɗa wuri don fansa. Da Turawa suka ci Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903, ta ga bayin gidansu sun watse, dukiya ta ragu, amma kuma hanya ta yi lafiya. Duka biyun ta faɗa, asarar da samun, ba ta zaɓi wanda zai yi wa mai sauraro daɗi ba. A ganina nan ne darajarta take.

Littattafan tarihinmu, irin su Tarihin Kano, sarakuna suka bi: wane ya hau, ya yi yaƙi, ya shekara kaza. Baba ta buɗe ɗaya ƙofar. Daga bakinta aka ji yadda ake kama ƙawa da yadda ƙawance ke ɗorewa har tsufa, yadda ake sa lalle da kai amarya, wankan jego, kunyar ɗan fari, riƙon 'ya'yan dangi, zaman kishiyoyi da rabon girki, sana'ar mata a cikin kulle, har da bori da yadda malamai ke kallonsa. Waƙoƙin biki da na daka ma ta rera su aka rubuta. Aure huɗu ta yi. Na fari auren zumunci ne da aka yi mata da ɗan'uwanta Duma, ta kuma fita daga cikinsa da ta ga zuciyarta ba ta wurin. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya, kuma jarirai da dama a hannunta suka faɗo duniya.

Ba ta ga littafin ba. Ta rasu a Giwa a 1951, shekara uku kafin fitowarsa. Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga shi a 1981, har yau kuwa da wuya a yi nazarin rayuwar matan Hausa a wata jami'a ba a ambace shi ba.

Mutanen Haiti, maƙwabtan Jamaika, sun sa hoton Sanite Belair a takardar kuɗinsu, matar da ta yi yaƙin 'yantar da bayi har Faransawa suka kashe ta a 1802. Sun san matansu na da hannu a kafa ƙasarsu, sun kuma nuna. Mu tamu ba ta riƙe takobi ba, shaida ta bayar a kan zamanin da kusan duk matan da suka gan shi sun tafi da labarinsu kabari.

Ya kamata malaman makarantun Karaye da Rogo su nemo wannan littafi su karanta wa ɗalibai, musamman 'yan mata. Wanda kuma kakarsa ke raye, ya ɗauki waya ya je ya zauna gabanta, ya tambaye ta yadda aka yi aurenta, da wace ce ƙawarta, da abin da ta gani a shekarun yunwa, ya naɗi muryarta tun tana da ƙarfin faɗa.