Kujerar da Rasha ta cire, da jiragen fitonmu a Kainji

A ranar 30 ga Yunin 1971 kumbon Soyuz 11 na Tarayyar Sobiyat ya sauka lafiya lau a dajin Kazakistan. Da aka buɗe ƙofarsa sai aka tarar da 'yan sama jannati uku zaune a kujerunsu, babu mai rai. Wata 'yar mafitar iska ce ta buɗe a hanyar dawowa, iskar da suke shaƙa ta tsiyaye. Da suna sanye da rigar da ke riƙe iska da sun tsira, amma ɗakin kumbon ya yi ƙanƙanta, ba zai ɗauki mutum uku da rigunansu ba. Mahukunta suka zaɓi yawan mutane a kan riga.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu nawa. Sai da aka yi wata 27 ba a sake harba mutum ba. Da aka dawo a Satumbar 1973, mutum biyu kacal aka saka, kowanne da rigarsa. Kujera ta uku ba ta dawo ba sai 1980, bayan an sake fasalin kumbon. Amurka ma ta bi irin wannan hanya: Challenger ya tarwatse a Janairun 1986 da mutum 7, ba a koma ba sai Satumbar 1988.

Mu a gaɓar Kainji ba kumbo gare mu ba, jirgin katako gare mu, amma tambayar ɗaya ce: bayan an binne mamata, me ya canja a jikin jirgin kafin a sake hawa?

A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya rabe a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, da babura, da buhunan kaya. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. An yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. A Oktoban 2023 kuma wani jirgin da ya nufi kasuwar Yauri daga yankin Agwara ya kife da fasinjojinsa. Kowane karo manya sun zo ta'aziyya, an yi addu'a, an yi alkawari.

Ba zan ce a rufe ruwa shekara biyu kamar yadda Rasha ta rufe sama ba. Wanda ya faɗi haka bai san ƙasar nan ba. Ɗan sama jannati zai iya jira. Mai naƙuda a tsibiri ba za ta jira ba, haka mai albasa da mai busasshen kifi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da hanyoyinsu, aka tashi dubban mutane, ciki har da Gungawa, jirgi ya zama titin kowa daga Shanga har Wara. Itatuwan da ruwan ya rufe kuwa suna nan a ƙasa, kututtukansu na jiran cikin jirgi. Hukumar HYPPADEC ta yi aikin sare wasu, ta kuma raba rigunan kariya, kuma wannan abin a yaba ne. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙa'ida. Doka dai akwai ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne kujera ta uku. Mai fito da kai yake cin abinci: kowane fasinja da aka hana hawa, kuɗin mai ne ya ragu, ga shi tun cire tallafi a 2023 man ya yi tashin gwauron zabo. In an ce ya ɗauki sittin maimakon ɗari, wa zai cike masa giɓin? Ko dai kuɗin fito ya tashi, talaka ya biya, ko gwamnatin Kebbi da ta Neja su ɗauki wani kaso, ko a ƙara yawan jirage ranar kasuwa. Ɗaya daga cikin ukun nan dole ne, kuma ban ji wanda ya fito fili ya zaɓa ba. Rabon riga ya fi daɗin ɗaukar hoto.

Akwai kuma batun wanda zai ce a'a. A daren da ya gabaci tashin Challenger, injiniyoyi sun yi gargaɗin cewa sanyi zai sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar roka, aka danne maganarsu. A kwatarmu ma ba a rasa dattijon da ke duban bakin jirgi ya ga saura taki ɗaya ya sha ruwa. Amma shi wane ne da zai sauke mutum arba'in masu sauri, alhali mai jirgin ɗan ƙungiyarsu ne, fasinjojin kuma su ne za su fara zaginsa? Ra'ayina shi ne Masarautar Yauri da ƙananan hukumomin uku su ba sarakunan jirgi wannan iko a rubuce, da albashin da bai rataya a kan yawan lodi ba. A zana layi da fenti a jikin kowane jirgi. In ruwa ya taɓa layin, ba a kwance igiya. A kuma rubuta sunan duk wanda ya hau, domin a Wara har yau alƙaluman da aka bayar na waɗanda ke cikin jirgin ba su zo ɗaya ba.