Daga alƙalamin kara zuwa biro: Yadda aka ƙirƙiro abin rubutun da ya mamaye ofis da kasuwa

A sakatariyar ƙaramar hukumar Mashi da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, da kuma shagunan 'yan kasuwar garin, da wuya a ƙulla wata hulɗa ta kuɗi ba tare da biro ba. Da shi ake sa hannu a takardar albashi, a yanke rasit, a rubuta bashi a littafi. Sai dai wannan abin rubutu mai araha bai cika shekara ɗari da shiga hannun jama'a ba.

Kafin zuwansa, ƙasar Hausa tana da nata kayan rubutun. Malaman Katsina da Daura sun shafe ƙarnoni suna fiƙe alƙalami daga kara, suna haɗa tawada da gawayi da ƙaro, suna adana ta a kurtu. Da Turawa suka kafa ofisoshin En'e, akawuna suka koma ga alƙalamin ƙarfe da ake tsomawa a kwalba, daga baya kuma ga mai zuƙar tawada. Dukkansu matsalarsu ɗaya: tawadar ruwa-ruwa ce, tana ɗiga, tana jinkirin bushewa, hannu ya goga ya ɓata shafi.

Wani Ba'amurke mai suna John Loud ne ya fara yin rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a shekarar 1888, domin yin alama a jikin fata. Bai dace da takarda ba, don haka bai samu kasuwa ba. Wanda ya warware matsalar ɗan jarida ne daga ƙasar Hangari, László Bíró. Ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa nan take, amma kaurinta ya hana ta gudana a cikin alƙalami. Da taimakon ɗan'uwansa György, masanin haɗa sinadarai, suka samar da tawada mai kauri daidai gwargwado, suka sanya 'yar ƙwallo a bakin alƙalamin. Idan aka ja shi a kan takarda, ƙwallon tana juyawa, ta ɗebo tawada daga ciki ta shimfiɗa ta a waje. Idan aka ɗaga hannu, sai ta zama murfi ta toshe bakin.

Bíró ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ya yi hijira zuwa Ajantina, inda ya sake yin rajista a 1943. Sojojin saman Birtaniya sun karɓi alƙalamin hannu bibbiyu, domin ba ya yoyo idan jirgi ya lula sama. Daga sunansa ne Turawan Ingila suka raɗa wa alƙalamin suna, Hausawa kuma suka ara. Ya rasu a 1985, kuma har yau Ajantina tana bikin ranar masu ƙirƙira a 29 ga Satumba, ranar haihuwarsa.

Da farko biro kayan masu hali ne. A watan Oktoban 1945 an sayar da shi a wani kanti a birnin New York kan dala 12 da rabi. Wanda ya karya farashin shi ne Marcel Bich na Faransa, wanda ya fito da Bic Cristal a 1950. Zuwa 2006 kamfanin ya sayar da guda biliyan 100. Ƙaramar hudar da ke jikinsa tana daidaita iska don tawada ta gangaro, ita kuwa hudar murfin an yi ta ne domin yaron da ya haɗiye shi ya samu hanyar numfashi. A 2019 kamfanin ya sayi Lucky Stationery, mai ƙera biro a Najeriya.

Abu biyu suka ba biro galaba a ofis. Tawadarsa ta mai ce, ba ta saurin narkewa da ruwa, sannan ana iya danna shi da ƙarfi har rubutu ya fito a kwafi na biyu ta takardar kabon. Amma wannan ɗorewar ce ta hana shi shiga makarantar allo, inda dole almajiri ya wanke allonsa ya rubuta sabon karatu. Shi ya sa alƙalamin kara yake nan daram a tsangayun Mashi.

Akwai darasi ga mai riƙe da littafin bashi ko fayil na gwamnati. A yau ana sayar da alƙaluma masu kama da biro waɗanda ake iya goge rubutunsu, domin tawadarsu tana ɓacewa idan zafi ya kai kimanin digiri 60 a ma'aunin Selshiyos. Takardar da aka manta a gaban mota a kulle cikin ranar bazara tana iya fuskantar irin wannan zafi. Saboda haka, yarjejeniya da cak da rasit, a rubuta su da biro na asali, kuma mai karɓar takarda ya duba da me aka sa mata hannu.