Dandamalin Tebura Shida

A wata sakandare da ke Daɗin Kowa, kan hanyar Jos zuwa Bukuru, na tarar da yara sun jera teburan aji guda shida sun ɗaure ƙafafunsu da igiya. Dandamali ke nan. Labule kuwa zannuwan gado ne biyu da wata ɗaliba ta aro a gida. Yaron da zai fito a mai unguwa an shafe masa gira da garin alli, an manna masa gemun auduga, babbar rigar kawunsa tana sharar ƙasa. Yana buɗe baki malamar ta katse shi: "Kai, da allo kake magana? Juyo ka fuskanci jama'a." Ya juyo ya sake. Ta taka har ƙarshen zauren ta ce ita fa ba ta ji komai ba. Sai a karo na biyar ta gyaɗa kai.

Abin da take koya masa ba ihu ba ne. Mai ihu da maƙogwaro yake aiki, kafin a kai rabin wasa muryarsa ta dushe. Ɗan wasa daga ciki yake jawo numfashi, ya buɗe baki sosai, ya fitar da ƙarshen kowace kalma. A Jos wannan ba ƙaramin abu ba ne: duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rufin kwano ana ruwa da ƙanƙara ya san yadda magana ke ɓacewa. Akwai kuma tsayuwa. Kada ka ba 'yan kallo baya, kada ka tare abokin wasanka, in an fashe da dariya ka dakata ta lafa kafin ka ci gaba.

Yawancin ɗalibanmu ba sa samun ko wannan. A ƙaramar sakandare an cusa wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya da kiɗa da zane, sau da yawa malamin zane ne ke riƙe da duka. A babbar sakandare kuma sai ya koma littafin jarrabawa. Yaro zai haddace jigo da salo da zubi da tsarin Uwar Gulma ko Kulɓa Na Ɓarna, ya ci WAEC, bai taɓa ganin wasan a tsaye da ƙafafunsa ba. Kamar a koya wa mutum tuƙa tuwo ne a takarda.

Abin mamaki, a makaranta rubutaccen wasan Hausa ya yi rarrafe. Wasanni shida da Dokta East ya fitar don 'yan makaranta aka yi su. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasa ana yi, yana zungurar masu mulki da shi. Kafin su duka ga tashe, inda yara ke haɗa kayan wasansu da tsumma da auduga ba tare da wani malami ba.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ranar nan yana bayan labule. Wata yarinya ce zaune da littafin wasan a cinya, ta ja layi da jan biro a duk inda wani zai shiga ko ya fita. Ita ke ɗaga hannu a ja labule, ita ke raɗa wa wanda ya manta magana, ita ta san inda sandar mai unguwa take. Mai kula da dandamali ke nan, kuma sana'a ce da ake ci da ita, kamar haske da sauti da ɗinkin kaya. Iyayen da ke jin "ɗan dirama" su ɓata rai ba kasafai suke sanin akwai wannan ɓangaren ba.

Ga shi kuma masana a bakin ƙofa suke. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos hedikwatarta take, tare da cibiyarta ta koyar da aikin fim. Kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfield, tafiyar 'yan mintuna daga Daɗin Kowa. Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo da fim, ga ƙungiyar Jos Repertory Theatre ta Patrick-Jude Oteh. Garin da ya haifi Sani Mu'azu da marigayi Ahmed S. Nuhu bai kamata a ce malama ɗaya ce ke sayen igiya da kuɗin aljihunta ba. Ɗalibin jami'a guda, sau ɗaya a mako, ya isa ya nuna wa yaran nan inda ake kafa fitila don kada inuwa ta rufe fuska.

Ƙarfe biyar aka tashi. Yaran suka kwance teburan suka mayar aji, don Litinin akwai gwajin lissafi.