Zomo Ba Ya Kamuwa Daga Zaune, Amma Kifi Fa?

Idan mutum ya fito Ƙofar Marke a birnin Sakkwato da sassafe, ba zai daɗe a tsaye ba sai ya ga keken guragu ya wuce, mai shi yana murza shi da hannu. Wani ɗinki yake tafiya, wani gyaran takalmi, wani kuwa bakin kasuwa ya nufa domin ya miƙa hannu. A waɗannan shekaru kuma wata sabuwar magana ta shigo zaurukan unguwa. Samari suna dawowa daga duwatsun Zamfara da labarin zinariya, suna cewa a can ko marar ƙafa ma yana samu, gama akwai aikin da ake yi a zaune.

Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. To, mun duba sana'o'i biyu na ƙasarmu waɗanda mutum zai iya yi a zaune, wato kamun kifi da aikin zinariya. Ɗaya tana ciyad da iyali. Ɗaya kuwa ta riga ta cika makabarta da yara. Ya kamata mai rauni a ƙafa, da danginsa, su san bambancinsu kafin a ɗaure kaya.

RUWAN DA YA HAƊA MU

Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, sa'an nan ya zo ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Shi ma Rima an tare shi a Goronyo a 1984. Daga nan ruwan ya gangara Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Kogin Zamfara kuma ya ratsa ƙasar Anka da Gummi kafin ya shigo cikinsa. Ashe ruwan da masunci yake jefa koma a ciki, daga ƙasar duwatsun nan masu zinariya ya fito.

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙidaya farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya ga dubban ƙarti suna rugawa cikin Matan Fada da gora da koma. Ganin wannan yakan sa mutane su ɗauka cewa su aikin masu gudu ne kaɗai. Ba haka ba ne. Bikin na 'yan kwanaki ne, sana'ar kuwa ta shekara ce, kuma yawancinta a zaune ake yi. Mai fatsa a zaune yake. Mai ɗaura ƙugiyoyin mamari a zaune yake. Mai saƙar taru da mai ɗinke shi in ya yage, da mai saƙar gura, da mai fafe kifi, da mai banda, duka a zaune suke. Ko mai tuƙa kwalekwale ma, ƙarfin kafaɗa da damtse yake nema, kuma wanda ya shekara goma yana murza keke da hannu ba ya rasa wannan.

ƘUDAN GASHIN TSUNTSU

Turawa suna da wata irin fatsa da za mu iya koyon wani abu daga gare ta. Maimakon su soke tana ko fara a ƙugiya, sai su ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Da yake wannan ƙudan ƙarya ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mata nauyi, mai fatsa ya kaɗa ta sama gaba da baya, ya saukad da ƙudan a hankali a kan ruwa. Kifi ya ɗauka ƙwaro ne ya faɗo, ya taso ya cafke. A rafukan kan duwatsu masu sanyi aka fi yinta. Turawan mulki sun kai irin kifin da ake kamawa haka zuwa tsaunukan Kenya a 1905. Kusa da mu kuma, a kogin Faro na ƙasar Kamaru, baƙi sukan zo su kama giwan ruwa da tsage ta wannan hanya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ƙwarai a gare mu. Kowane yaron bakin gulbi ya san yadda kifi yake tasowa sama a farkon damina sa'ad da shinge ya tashi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda aka buɗe wa naƙasassu ƙofar wannan fatsa. A Amurka, a shekarar 2005, wani tsohon hafsan sojan ruwa mai suna Ed Nicholson ya fara koya wa sojojin da suka dawo daga yaƙi da raunuka ɗaurin ƙuda da jefa igiya a asibitin soja na Walter Reed. Aikin ya zama ƙungiyar Project Healing Waters. Waɗansu ba ƙafa, waɗansu hannu ɗaya, amma an ƙera musu maɗauri da mariƙi daidai da halinsu. A Ingila kuma tun shekarun 1980 ake ƙera wani jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda goshinsa yake sauka ƙasa ya zama gada, mai keke ya shiga da kekensa ba tare da an ɗauke shi ba.

Su don nishaɗi suke yi, mu don tuwo. Amma darasin ɗaya ne. Kifi ba ya tambaya ko mai riƙe da igiya a tsaye yake. Abin da yake hana gurgu su shi ne taku hamsin ɗin nan na yashi da laka da gangare tsakanin hanya da bakin ruwa, inda ƙafar keke take nutsewa.

AIKIN ZAUNE A ƘASAR ZINARIYA

Yanzu bari mu juya ga duwatsu. An daɗe da sanin akwai zinariya a ƙasashen Anka, Maru, Bukkuyum, Yawuri da Birnin Gwari. Turawa sun haƙa ta sosai a shekarun 1930, aikin ya ja baya a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da farashinta ya tashi daga ƙasa da dala 300 kowace oza a 2001 zuwa fiye da dala 1,200 a 2010, sai manoma suka ajiye fartanya suka ɗauki diga.

Hanya biyu ake samunta. Ta farko ita ce rairaya a bakin rafi. A ɗebo yashi a kwano, a yi ta juya shi da ruwa. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau uku ba, saboda haka yashi ya tafi da ruwa, ita ta kwanta a gindin kwano. Ta biyu ita ce a shiga rami a fasa dutse, a fito da shi a buhu, a farfasa da guduma, a niƙa a injin niƙa, a wanke, a zuba zaiba, wato ruwan ƙarfen nan da ake kira makuri, domin ya tattara zinariyar, daga baya a ƙona zaibar ta tashi.

Mai rauni a ƙafa ba ya shiga rami. Aikin da ya rage masa shi ne na waje: fasa dutse, tsaron inji, tankaɗe, wanki da ƙona zaiba. Abin baƙin ciki, a nan ne dafin yake.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da farfaɗiya. Aka bincika aka tarar dutsen da ake niƙawa cike yake da dalma. An kawo shi cikin gidaje, ana daka shi a turmin da ake daka hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara suke wasa. Masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun ƙirga a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, suka ga cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A jimla an ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai sami wannan shara ba sai a 2013. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, ta bar su da makanta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Wato aikin da ake kiran naƙasassu zuwa gare shi, shi kansa yana haifar da sababbin naƙasassu.

Me ya sa yara suka fi mutuwa? Jikinsu ya fi saurin shan dalma, kuma a ƙasa suke rayuwa, hannu a ƙura, hannu a baki. Masu karatu, ku yi tunani a kan ɗan'uwanmu mai rarrafe. Da tafin hannu yake tafiya a kan wannan ƙura, da shi kuma yake cin tuwo. Hancinsa yana kusa da ƙasa inda ƙura take kwanciya. Da yamma ya koma gida da ita a tufafinsa da ƙafafun kekensa, ya shiga da ita ɗakin da jaririnsa yake kwance. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma ruɓewa. A jikin babba takan kawo ciwon ciki, hawan jini, ciwon ƙoda da mutuwar jijiyoyin wuyan hannu. Mutumin da hannunsa ne ƙafarsa, idan hannun ya saki, me ya rage masa?

Zaiba ma ba ta bar kowa ba. Hayaƙinta yana kawo rawar hannu da mantuwa. Wadda ta zube a rafi kuma takan shiga jikin ƙananan kifaye, manya su cinye su, ta yi ta taruwa. Haka ta hallaka iyalan masunta a garin Minamata na Japan, inda aka gane cutar a 1956.

Ga kuma 'yan bindiga. Saboda su ne Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ba ta ɗage ba sai a Disamba na 2024. Ranar da aka ji harbi kowa ya sheƙa daji, wa zai tsaya ya tura keke? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

ABIN DA ZA A IYA YI

Ba ma so mu ce wa mutum kada ya je, mu bar shi hannu wofi. Ga abin da muka ga yana yiwuwa.

Na ɗaya, hanya zuwa ruwa. A kowace mashaya ko tashar kwalekwale, ɗan gangare na siminti ko na dutse da aka daɓe, da dandamali mai shinge a bakinsa, ya isa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ƙungiyoyin guragu suna da ikon zuwa wurin ƙaramar hukuma da Sarkin Ruwa su nemi a sa bakin gulbi cikin lissafi.

Na biyu, kayan aiki. A Jos, cibiyar Beautiful Gate da Ayuba Gufwan ya kafa, shi ma shan inna ta taɓa shi, ta ƙera dubban kekuna ta raba kyauta. Masu walda na Sakkwato ba su kasa ba. Taya mai faɗi domin yashi, birki mai kamawa, da ɗan bututu a gefe inda za a soke sandar fatsa, ba su fi ƙarfin ƙaramin shago ba.

Na uku, kawo kifi gida. Ana kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol a tsakar gida, cikin wata biyar zuwa shida ta isa sayarwa idan an kula da abinci da canjin ruwa. A gina tankin daidai tsawon mai zaune. Murhun banda irin na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Gana a 1969, gajere ne, ana jera masa faifan waya bisa juna, ba ya cin itace da yawa. Masu suyar kifi na Kwalkwalawa shaida ne cewa kasuwa tana nan.

Na huɗu, kiyaye rai. Kada mai rauni ya je ruwa shi kaɗai. Kada a ɗaure shi a jikin kekensa a cikin jirgi, gama in jirgi ya kife keken zai ja shi ƙasa. A sa masa rigar da take hana nutsewa. A guji zama cikin ruwa mai kwanciya saboda tsargiya. Waɗanda suka warke daga kuturta, irin mutanen Amanawa inda mishan na SIM suka yi aikin jinya tun shekarun 1930, su tuna cewa hannun da ba ya jin zafi ba ya sanin ƙugiya ta shige shi ko wuta ta ƙone shi. Su sa safar hannu, su duba hannu da ƙafa kowace yamma.

Wanda kuwa ya riga ya shiga aikin zinariya, kada ya kawo dutse gida ko sau ɗaya. A jiƙa dutse kafin a niƙa. A yi wanka a canza tufafi a wurin aiki, a wanke keke kafin a shiga gari. Yara da mata masu ciki su yi nesa. Yaron da ya fara amai, kasala ko sanƙarewa, a kai shi asibiti a gaya wa likita irin aikin da ake yi a gidan.

Saurayin da ya dawo daga daji da sabon babur zai ba da labarinsa a kowane zaure. Waɗanda aka binne a Dareta ba su da bakin ba da nasu. Idan akwai mai keke a gidanku wanda wannan labari ya fara shiga kunnensa, ku zauna da shi ku karanta masa wannan shafi. Sa'an nan ku tura shi zuwa bakin gulbi, ku duba tare inda ƙafar keken take tsayawa. Daga wurin nan ne aikin zai fara.