Karatu sau ɗaya ake koyon sa

Yara, da yawanku kun taɓa jin wannan magana a gida ko a kasuwar Dogon Dutsi: "Mi za a koya ma yaro da Hausa? Ai da ita ya tashi. Faransanci muka aike shi nema." Masu faɗin haka tsoro suke ji kada ɗansu ya gama lakwal bai iya cika takardar neman aiki ba. Tsoron nasu yana da dalili. To, ga abin da masana suka gano.

Tun a 1964 Abdu Mumuni, mutumin Tasawa, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nemi a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Ajinku jikan wannan makaranta ne.

A 1979 wani masani a ƙasar Kanada, mai suna Jim Cummins, ya bayyana dalilin da ya sa wannan hanya take aiki. Ya ce idan yaro ya gane kowane harafi wakilin wani sauti ne, ya iya haɗa b da a ya ce ba, ya san layi yana tashi daga hagu zuwa dama, to wannan sani zai bi shi zuwa kowane harshe mai irin waɗannan haruffa. Wanda ya iya jan guga a rijiyar Matankari, in ya je Tibiri ba sai an sake koya masa ba. Sai dai in rijiyar ta fi zurfi ya ƙara igiya.

Don me za a fara da Hausa? Ku dubi allo. Garin Sarauniya, mu muna rubuta shi Lugu, haruffa 4, sautuka 4. Da Faransanci Lougou ne, haruffa 6, domin su sai sun haɗa o da u kafin su sami u. Sautin o kuwa suna rubuta shi o, ko au, ko eau. Ɗan shekara 7 da aka fara masa da Faransanci yana kokawa biyu a lokaci guda: ga haruffa masu ruɗani, ga kalmomin da bai taɓa ji ba. Sai ya koma hadda, bakinsa yana faɗi, kansa bai san abin da ake nufi ba. Rubutun Hausa ma yana da nasa tarko. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Amma wa zai ruɗe a cikinku in ya karanta "Inna ta tankaɗe gari"? Ma'ana ce ta cece ku, don harshenku ne.

Akwai wani bincike na Cummins da na fi so iyayenku su ji. Ya duba ƴaƴan baƙi a birnin Toronto, ya ga cikin shekara 2 suna iya hira da sabon harshe, amma harshen littafi, na lissafi da tarihi, yana cin shekara 5 zuwa 7. Ke nan yaron da ya iya gaida mushe da Faransanci bai isa a koya masa rabawa da shi kaɗai ba tukuna. A Ife ta Najeriya, daga 1970, an koyar da wasu yara da Yarabanci shekara 6 cur, Ingilishi yana darasi ɗaya daga cikin darussa. Da aka gwada su, ko a Ingilishin ba su kasa waɗanda aka juya wa harshe tun da wuri ba. A ganina gaggawar sakin Hausa a aji na uku ita ce take ɓata aikin, ita da ƙarancin littattafai.

Aikin gida: ku ɗauki kayenku, ku raba shafi biyu. A hagu ku rubuta Dumega, Kore Mairuwa da sunan garinku da Hausa. A dama ku kwafo yadda aka rubuta su da Faransanci a taswirar aji. Ku ja layi a ƙarƙashin haruffan da suka sauya, sa'an nan ku karanta wa babanku duka biyun.