Kafin ka yarda a yi wa kwamfutarka fomat

A ranar Talata ta biyu a kowane wata kamfanin Microsoft ke sakin sabuntawar Windows. Galibi abin yakan wuce lami lafiya. Amma wani lokaci sai kwamfuta ta cije, ɗigo-ɗigon nan na ta kewayawa a kan allo, lambar da ke ƙirgawa ta tsaya cak. A nan ne mutane kan yi wa kansu ɓarna: su danne maɓallin kashewa cikin fushi, ko su ruga wurin mai gyaran da ko kunna ta bai yi ba zai ce, "Alhaji, sai dai fomat." Fomat kuwa shara ce kwata-kwata. Takardun makaranta, lissafin shago, hotunan biki, duk sun tafi.

Da farko, a yi haƙuri. Tsohuwar kwamfuta na iya cin awa biyu ko fiye tana wannan aiki. Jona caja, ka duba ƙaramar fitilar gefenta idan tana da ita. Muddin tana ƙyaftawa, aiki take yi. A wajenmu ma sau da yawa laifin na wuta ne: laftof ɗin gwanjo mai mataccen batiri, ana tsakar sabuntawa NEPA ta ɗauke. Wanda ya san batirinsa ba ya riƙe caji, kada ya fara sai ya tabbatar da wutar da za ta kai shi.

Idan ta tabbata ta maƙale, kashe ta, ka kunna, da zarar tambarin Windows ya bayyana ka sake kashewa. Bayan sau biyu ko uku za ta buɗe shafin gyara da kanta. Shiga Troubleshoot, daga nan Advanced options, sai Uninstall Updates, ka cire sabuntawar ƙarshe. Wannan ba ya taɓa fayilolinka. In bai yi ba, Startup Repair da System Restore na nan a wuri guda.

Sai dai akwai tarko. Wasu kwamfutocin za su nemi makullin BitLocker, lamba 48, kafin su bar ka ka wuce. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar, wanda a kayan gwanjo ba lallai kai ba ne. Nemo shi tun kwamfutar na da lafiya, ka rubuta a takarda.

In kuma Windows na tashi amma sabuntawar na ta faɗuwa, duba lambar kuskuren. Idan ka ga 0x80070070, wuri ne ya ƙare. Rage finafinai ka sake gwadawa. Bayan babbar sabuntawa kana da kwana 10 na komawa tsohon tsari, matuƙar ba ka goge jakar Windows.old ba.

Ko da abin ya kai ga fomat, ka sa mai gyara ya kwashe maka fayilolinka a filasha ko wani faifai tukuna, kana tsaye kana gani. Aikin ba ya gagara, lokaci kawai yake ci, shi ya sa wasunsu ba sa son ambatonsa.